Gurbin Da Lindsay Ya Bari a Kurrawin

Kurrawin, Nuwamba 1993

Ƙanena Lindsay,

Gaisuwa mai yawa daga gida, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, in har ta same ka, tunda adireshinka na Adelaide a bakin direban motar alkama na tsinto shi. Mu dai lafiya muke. Gwiwar Baba ta sake kumbura, amma in ka hana shi hawa tarakta sai ya ce kana so ka binne shi da ransa. An fara girbi, zafi kuwa sai wanda ya gani.

Na ji kulob ɗinka na ƙwallo na Melbourne sun sallame ka. Ba daga bakinka na ji ba, a jarida na gani, can ƙasan shafi kusa da farashin tumaki. Shekara uku suna ajiye da kai a rukuni na biyu, ko sau ɗaya ba su sa ka a babban wasa ba, sannan su ce ka kama gabanka. Raina ya ɓaci da su ƙwarai. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne motar da ta kai ka Adelaide ta bi ta mararrabarmu, ba ka sauka ba. Kunyar wa kake ji? Ni da na wanke maka majina?

Ga maganar da ta sa na ɗauki biro. Kulob ɗin garinmu yana gargara. Gidaje sai watsewa suke, matasa duk sun tafi birni, kuma ka san a ƙwallon nan tamu ta kamawa da hannu da bugawa da ƙafa, ba a fita fili sai da mutum goma sha takwas. Tsoho Merv Gellert, wanda har yanzu shi ne shugaba, ya ce in ba a sami mutane ba, za a haɗe mu da Bellangar, mu koma sa rigarsu a filinsu. Bellangar fa, Lindsay! Filin da kakanmu ya share da dokinsa ya koma makiyayar tumaki ke nan. Merv ya ce in ka dawo, yaranmu da ke aiki a garuruwan kusa za su riƙa zuwa ranar Asabar don kawai su buga tare da kai.

Ka gwada birni, birni ya gwada ka. Ka dawo inda aka san darajarka.

Yayarka,
Raelene

*

Adelaide, Disamba 1993

Yaya Raelene,

Na sami takardarki, na gode. Ina lafiya. Ki gai da Baba, ki ce na ce ya riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ko da yake na san ba zai ji ba. Na sami aikin dakon bulo a wurin wani magini, kuma ina atisaye da yamma da kulob ɗin Glenarra na nan jihar. Ba babban rukunin ƙasa ba ne, amma masu farautar 'yan wasa suna zuwa kallo.

Ban sauka a mararraba ba don na san in na sauka ba zan sake hawa ba. Kin san abin da kocin Melbourne ya gaya mini? Ko zama bai ce in yi ba. Ya ce, “Dogo, kamawa dai ka iya, in ka yi tsalle ba mai ƙwace maka ƙwallo a sama. Amma da an ba ka fili ka buga tsakanin sanduna ka ci, sai ka aika da ita wajen mai sayar da burodi. Koma gona, alkama ba ta buƙatar saiti.” Ya yi dariya, mataimakinsa ma ya taya shi.

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi zafi. Da na tsaya gaban sandunan nan, sai ƙafata ta zama kamar ta aro. To amma in na dawo gida yanzu, na sa masa hannu a kan maganarsa ke nan. Shekarata ashirin da biyu. Ba zan zauna a mashayar Kurrawin ina ba yara labarin yadda na kusa zama wani abu ba.

Wasu ranakun nakan gaji, Yaya, har in ji ba abin da nake so irin in ga filinmu da sanyin safiya. Amma maganar kulob, ki ba Merv haƙuri.

Ƙanenki,
Lindsay

*

Kurrawin, Maris 1994

Lindsay,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko kana da rai ba. Takarda biyu na aiko tun bayan Kirsimeti, shiru kake ji. Baba yana nan da sauƙi. Ni ce dai mura ta kayar, na tashi.

Na yi ta juya takardarka ta Disamba. Ka ce ka gaji, ka ce ba abin da kake so irin ka ga filinmu. Na san halinka tun kana rarrafe, ba ka taɓa cewa “ina so” kai tsaye, sai ka yi ta kewaye-kewaye. Da kuma na ji shirun nan, na ce a raina abin ya ƙi a can, girman kai ne ya hana yaron nan faɗa.

Ranar Laraba aka yi taron kulob a zauren coci don a kaɗa ƙuri'ar haɗewa. Mutanen Bellangar biyu har sun zo da samfurin sabuwar riga, suna ta murmushi kamar masu zuwa ɗaukar amarya. Merv ya miƙe ya ce, “Jama'a, ba daɗi, amma bana ko goma sha biyar ba mu kai ba.” Ban san lokacin da na tashi ba. Na ce, “Malam Merv, zauna. Lindsay yana dawowa.” Merv ya juyo ya kalle ni. Ya ce, “Raelene, shi ya faɗa miki?” Na ce, “Ƙanena ne ko naka?” Sai tafi ya ɓarke. Aka yi watsi da haɗewa, 'yan Bellangar suka naɗe rigarsu suka fita ba sallama.

To ka ji. Na sauƙaƙa maka, ba sai ka sunkuyar da kai ka roƙi kowa ba. Wasan farko cikin wata mai zuwa ne. Na wanke labulen ɗakinka.

Raelene

*

Adelaide, Afrilu 1994

Yaya,

Ina fatan murar ta sake ki, kuma Baba yana lafiya. Ki yi haƙuri da wannan rubutu kamar tafiyar kaza, da hagu nake yi. Bulo ya faɗo mini a hannun dama tun watan Janairu, ƙashi biyu suka karye. Abin da ya hana ni amsa ke nan, ba girman kai ba.

Yaya, wa ya aike ki? A ina na ce zan dawo? Na ce na gaji, don ke kaɗai nake da ita da zan gaya wa na gaji. Kika ɗauki layi ɗaya kika kai zauren coci, kika bar layin da ke ƙarƙashinsa inda na ce ki ba Merv haƙuri. Yanzu gari guda yana jirana a bakin hanya, in ban zo ba ni ne maci amana. Kin san sarai in na mayar da rajistata Kurrawin, shi ke nan an rufe babina. Ba mai farautar 'yan wasa da zai tuƙo mota har cikin gonakin alkama don ya ga ƙato yana cin ƙwallo a kan manoma masu tumbi.

Ba zan zo ba. Na rubuta shi a fili don kada a sake yi mini fassara.

Bari in gaya miki abin da karayar nan ta jawo. Kin san hannun da ke sakin ƙwallo shi ne na gefen ƙafar da za ta buga. Da aka ɗaure mini na dama, zaman banza ya ishe ni, sai na fara saki da hagu ina bugawa da ƙafar hagu, don wasa kawai. Yaya, ƙwallon nan tafiya take tamkar an ja mata zare. Kin tuna ina ƙarami da hagu nake komai, Baba ya yi ta tsawa a bayan rumbu yana cewa bahago ba ya tsayawa gaban sanduna, sai da ya juya ni? Kocin Glenarra ya gan ni ya ce, “Kai ɗan ƙauye, mutum ba ya sake ƙafa da gemu a fuska. In ka nace, sai dai rukuni na biyu.” Na ce masa ai can ne gidana, na san kowane lungunsa.

Don haka na koma farko, kamar yaro ɗan shekara bakwai. Ki gaya wa mutane gaskiya, ko ni in rubuto wa Merv da kaina.

Lindsay

*

Kurrawin, Yuli 1994

Lindsay,

Allah ya ƙara sauƙin hannu. Da ka sa wani ya rubuto mini layi biyu, da ba a kai ga haka ba, amma wannan ya wuce. Sanyi ya sauka sosai, an sami ruwa, shuka ta yi kyau.

Ba sai ka wahalar da hagunka ba, na gaya musu da bakina. Bayan coci na tsaya a kan matakala na ce ba ka zuwa. Merv ya dube ni ya ce, “Kin kyauta, Raelene. Da mun haɗe da mutuncinmu, yanzu sai mu mutu a tsaye ana kallo.” Tun ranar bai sake gaishe ni ba. Matar mai shago kuwa da ta hango ni sai ta ce, “Ina tauraron namu, ko har yanzu yana hanya?” Na ce mata yana nan tafe tare da haƙoranta na gaba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ba mai zagin birnin da ya kwashe musu 'ya'ya, sai ni da kai.

Kada ka zaci na zo ba da haƙuri. Na yi kuskuren karanta takardarka, amma ban yi kuskuren hana haɗewa ba, kuma ko gobe aka sake taron zan miƙe.

Ga yadda muke fita fili yanzu. Yaran da suka yi alkawarin zuwa saboda kai sun janye. Ranar da ba mu cika ba, abokan karawa ne ke ara mana mutum, ya sa rigarmu ya buga mana. Ka san wanda ake arawa: wanda su ma ba sa so. Makon jiya wani da aka ara mana ya miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo har sau biyu, wai mantuwa.

Asabar ɗin da ta wuce ba a sami na aro ba. Ina rumfar abinci ina zuba shayi, sai na ga Baba ya fito daga ɗakin sauya kaya da riga ta ɗame masa ciki. Na ce, “Baba, me ke nan?” Ya ce, “Da tsohuwar zuma ake magani, yarinya, ba ni hanya.” Mutum mai shekara hamsin da takwas! Ya tsaya gaban sanduna, gurbin mai cin ƙwallo, inda ya saba, ƙwallo ta zo sama, ya manta shekarunsa ya yi tsalle. Ya kama ta kuwa. Saukowar ce ta zo da gardama. A kan ƙyauren ɗaki aka fitar da shi, likita ya ce gwiwar ta gama aiki, sai sanda har abada.

Na karanta masa maganar ƙafar hagu yana kwance. Ya juya fuska bango. Ban rubuto don in ɗora maka laifi ba. Na rubuto don ka san abin da gurbinka yake ci, tunda ka zaɓa. To ka tabbata ka zama abin da ka ce, don in ka tashi a tutar babu bayan duk wannan, ba zan yafe maka ba.

Raelene

*

Melbourne, Agusta 1996

Yaya Raelene,

Gaisuwa irin ta wanda ya san ya yi laifin shiru. Ina fatan kina lafiya, da Baba da sandarsa. Shekara biyu ban da katin Kirsimeti ba abin da ya shiga tsakaninmu. Na sha ɗaukar biro in ajiye. Na rantse ba zan rubuto ba sai ina da abin da zan ajiye a gefen gwiwar Baba.

Kin dai ga wasu a jarida, amma ki ji daga bakina. Na ƙarasa waccan shekarar a rukuni na biyu ana yi mini dariya. Bara ƙafar ta zauna, na fi kowa ci a jihar, har wani babban kulob na Melbourne ya ɗauke ni a zagayen ƙarshe na zaɓen sababbin 'yan wasa, bayan an gama kwashe yara 'yan shekara goma sha takwas. 'Yan jarida suka ce an sayi tsohon doki. Yanzu su ne ke tare ni a bakin ƙofa suna tambayar sirrin. Yara suna sa lambata a bayansu, Yaya. Ni ɗin nan da aka ce in koma gona.

Asabar ta ƙarshen watan nan za mu kara da kulob ɗin da ya kore ni, kuma kocin nan yana nan bai tafi ba. Ba ki taɓa ganina a babban fili ba. Na tanadi kujeru biyu a inuwa, inda Baba zai iya miƙe ƙafa. Ku zo. Duk cikin dubban mutanen nan ba wanda nake so ya gani sai ku biyu.

Na ji ƙishin-ƙishin wai bana ce shekarar ƙarshe ta kulob ɗinmu. In gaskiya ne, ki gaya mini.

Ƙanenki,
Lindsay

*

Kurrawin, Satumba 1996

Ƙanena,

Mun gode da gaisuwa, muna lafiya. Na san ka duba kujerun nan ka gan su wayam, kuma na san ka ji zafi. Ga dalili.

Abin da ka ji gaskiya ne. Na ja kulob ɗin nan shekara uku da haƙorana, ni ce wankin riguna, ni ce rumfar abinci, ni ce bin gidaje ina roƙon mazan mutane, amma bana ko ni na ga ƙarshe. Kuma wasanmu na sallama ya faɗo daidai Asabar ɗinka, da Bellangar, a filinmu. Na tambayi Baba inda yake so. Ya ce, “Yaron yana da dubbai. Gawa kuwa ba a barinta ba dangi.” Sai muka zauna.

Duk wanda ya taɓa zama a garin nan ya dawo ranar. Motoci suka kewaye fili hanci a bakin waya, ba masaka tsinke. Da aka ƙirga 'yan wasanmu, goma sha bakwai. Kyaftin ɗin Bellangar ya zo da ladabinsa ya ce za su ara mana ɗaya. Merv ya buɗe baki zai karɓa, na ce, “A'a. Yau da namu za mu mutu.” Ya harare ni, amma bai musa ba. Aka bar gurbinka na gaban sanduna ba kowa.

Sun yi mana dukan kawo wuƙa, ba sai na faɗa ba. Ana cikin zagaye na biyu, ƙwallo tana can tsakiyar fili cikin taɓo ba abin da ke faruwa, sai na ji hon. Ka san a nan ba a danna hon sai namu ya ci. Kafin in ɗaga kai, mota ta biyu ta ɗauka, ta uku, har fili ya ruɗe. Alkalin wasa ya tsaya yana waige-waige, 'yan Bellangar suka riƙe ƙugu. Ashe kowa yana zaune a motarsa idonsa a filinmu, kunnensa a rediyo, kowa yana ɓoye wa na kusa da shi. Kai ne ka ci na farko a Melbourne.

Ka san motar da ta fara? A-kori-kurar Merv. Da na je wucewa da butar shayi, ya sauke gilashi, karon farko cikin shekara biyu, ya ce, “Hannuna ne ya zame.” Na ce, “Allah ya sa ya yi ta zamewa.” Ya zame kuwa har sau bakwai. A na biyar har ɗan bayan Bellangar ya ɗaga hannu sama yana ihu a tsakiyar wasa, kyaftin ɗinsa yana zaginsa. Baba yana kujerar gaba a motarmu, sanda a tsakanin ƙafafu. Duk sanda mai rediyo ya ce “da ƙafar hagu”, sai ya runtse ido. A na ƙarshe ya miƙa sandar ya danna hon da ita, ya ƙi ɗagawa sai da na zo na janye. Ya ce in gaya maka bugun ya yi. Iyakar abin da ya ce ke nan, ka san shi.

Ni ban danna ba. Ina tsaye a rumfa ina kuka, na farin ciki da na baƙin ciki a haɗe, don ina jin sunanka a rediyo ina kuma kallon wurin da babu kowa a gaban sandunanmu. Da ka dawo, da wataƙila mun ƙara shekara biyar. Da ka dawo kuma, da ba a yi ranar nan ba. Na auna su na kasa, na bar wa Allah. Da aka tashi, mazan suka yi da'ira suka rera waƙar kulob duk da an lallasa su, sannan Merv ya sauke allon suna daga bakin ƙofa.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce ta sa na rubuto da wuri. Mai rediyon nan sau biyu yana ce maka “yaron Adelaide”. Ban sha zagin gari shekara biyu don a ba Adelaide kai ba. An rufe makaranta, jirgin ƙasa ya daina tsayawa, baɗi yaranmu rigar Bellangar za su sa. Ka neme shi ka zaunar da shi, ka koya masa faɗin Kurrawin har sai bakinsa ya iya. Duk ranar da ka ci, ya faɗa. Ba sauran inda za a ji sunan garin nan sai a bayan naka.

Yayarka,
Raelene